Ranar da Baba Ya Yi Kiran Taru a Daji

Baba ya zo gidanmu da ruwan farko na damina, ɗauke da akwatin ƙarfe ɗaya da tabarmarsa a naɗe. Guguwa ta sa teku ta cinye rabin gidansa na bakin ruwa, mahaifiyarmu ta riga ta rasu, yayana Digambar kuma yana Mumbai cikin ɗaki ɗaya da mata da 'ya'ya uku. A wajenmu uba ba ya zama gidan auren 'yarsa, wasu ko ruwan gidan ba sa sha. Amma dole ƙanwar na ƙi.

Gidan kuwa na surukata ne, Mami Gopika, a gindin tsaunin da ke bayan Sawantwadi. Mijina Namdeo kwandastan bas ne, mutumin kirki, sai dai in uwarsa ta ce rana ta faɗi da hantsi, fitila zai kunna. Don haka maganar Mami ce magana, kuma ta yi ta a gaban kowa.

"Ya zauna zuwa bikin Ganpati," in ji ta, tana nufin bikin gunkinmu na ƙarshen damina. "Bayan nan sai a gani."

Na san ma'anar a gani. Digambar ya riga ya samo wani gidan tsofaffi a bayan birni, ya aiko min da hotonsa a waya. Tagogin ɗakunan katanga suke kallo. Baba kuwa tun yana saurayi aikinsa ke nan, kallon teku.

Shi ne mai kira a ƙauyenmu. Da asuba zai hau tudun yashi ya tsaya shiru, wani lokaci har rana ta take, yana duban launin ruwa. In ayarin kifi ya matso gaɓa, ruwan yakan yi duhu a wuri ɗaya, shi kaɗai ke gani. Sai ya buɗe murya. Gari ya fito kaf, a kewaye kifin da taru, maza da mata su kama igiya a ja har tudu. Duk wanda hannunsa ya taɓa igiya yana da kaso, ko da matafiyi ne da ya biyo hanya. A wajen su Baba babu abin kunya kamar mutum ya gani ya yi shiru. Akwai wanda ya taɓa yin haka don ya kwashe da komarsa shi kaɗai, har ya mutu ba a ƙara ba shi wutar taba ba.

Watan Sharawan ya kama, watan da ba a cin kifi ko nama. Baba ya rame. Yakan zauna a baranda ya zuba wa tsauni ido kamar wanda aka rufe wa ƙofa, kunun shinkafarsa ya huce a gabansa. Abu ɗaya ke tashe shi, wato faɗa da Mami, kuma faɗan nasu bai wuce abu biyu ba. Shi yana da dewmasa, ƙaton nan shuɗi na teku da 'yan makaranta ke ce wa wel. Ita tana da naman kaza, wanda ke fitowa kan surin gara a cikin daji in ruwa ya jiƙa ƙasa sosai.

"Kwale-kwale huɗu a jere, Uwar Namdeo," Baba zai ce, yana buɗe hannuwa. "Huɗu, kuma da sauran jela. Da ya fito ya busa ruwa sama, sai da muka jiƙe kamar an yi mana wanka. Ba kifi ba ne ma. Nono yake ba ɗansa."

"Kifi mai nono! Baban Shalan, ka ji kunyar furfurarka."

"Na rantse da igiyar taru."

"To, kun ci shi?"

"Wa zai ci dewmasa? Hannu ake haɗawa, a jefa masa kwakwa, a ba shi hanya."

"Ka ji. Abin da ba a ci, me girmansa ya tsinana? Nawa bai wuce ɗan yatsa ba, amma in na haɗa shi da kwakwa da barkono a tukunya, sai ka manta sunan kifi."

"Laimar kwaɗi?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Me ƙaton naka yake ci?"

"Ƙananan jatan lande, waɗanda da kyar ake ganinsu."

"Jiki na giwa, ci na kaza. Sau nawa ka gan shi?"

"Sau biyu."

"A shekara?"

Baba ya ce, "A rayuwa."

"Nawa duk damina yake zuwa. Bai taɓa saɓa alkawari ba."

Ina daga madafi ina jin su. Kowace kalma ta Baba sai in ga kamar tana tura shi Mumbai. Na ja shi gefe na ce, "Baba, don Allah ka riƙa barin ta tana cin nasara." Ya ce shi bai taɓa rage wa dewmasa ko taku ɗaya ba don ya faranta wa mutum, ba kuma zai fara a gidan suruki ba. Hali zanen dutse.

A garin mijina kowane tsohon gida yana da surinsa a daji, kuma ba a faɗa. Uwar miji ke nuna wa matar ɗanta, in ta ga dama, in ta ga alamar ƙafafunta sun fara gajiya. Ana fita kafin gari ya waye sosai, a bi hanyar da ba ita ba, a dawo da kwando rufe da ganye, wanda ya gamu da ke kuma ya tambaye ki lafiyar shanu. Ba a sa ƙarfe a jikin suri, don gidan Uwa Sateri ne, allahiyar garin. Da yatsa ake murɗe naman kazan tun yana dunƙule bai buɗe ba, a bar wasu a tsaye. Ni da na haifa wa gidan 'ya'ya biyu, har lokacin Mami ba ta nuna min nata ba, abin yana min ciwo, ban kuma taɓa faɗa ba.

Abin da ta ɓoye wa kowa, ni na sani, don ni nake sa mata zare a allura. Yanar ido ta fara rufe mata gani. Bara ta fita sau da yawa ta dawo da kwando kusan fayau, ta ce aladen daji sun riga ta. Aladu ba su riga ta ba. Naman kaza in yana ƙarami launin ƙasa gare shi, kansa kawai yake turowa tsakanin ganye, in ba ki gan shi yau ba, gobe ya buɗe, jibi ya zama tsutsa.

Wata yamma ana yayyafi, Baba ya tambaye ta, ba da tsokana ba, yadda abu zai fito a kan gidan gara.

"Ai ba a kai yake ba," in ji Mami. "A ciki yake, can ƙasa. Gara ke noma shi, su kai masa ganye, su ci daga jikinsa. Duk shekara yana nan a ƙasa. Abin da muke tsinka, kansa ne kawai da yake ɗagowa kwana biyu ya koma."

Baba ya ajiye kofin shayinsa. "Ashe naki ma numfashi yake fitowa yi."

Mami ta tura masa farantin gyaɗa. Jim kaɗan sai ya nuna tsauni da haɓa, ya ce akwai wani abu baƙi yana tafiya a ƙarƙashin itacen can mai reshe karyayye. Babu wanda ya ga ko itacen. Da almuru maƙwabcinmu ya sauko yana cewa ɓauna ta ratsa gonarsa ta kashu, daidai wurin. Na ga Mami ta juya ta daɗe tana kallon inda Baba yake.

Da safe na tashi ban same su ba. Babu laimar Mami, babu kwandon, babu takalmin Baba. Na tsaya a tsakar gida da tsintsiya a hannu, kishi da murna suna kokawa a ƙirjina. Ni ba ta nuna min ba, ta nuna wa baƙo. Amma in ta nuna masa, to ba ta da niyyar sa shi a mota. Murna ta yi nasara, na ɗaura zane na tafi dashen shinkafa.

Kusan rabin gari yana cikin gonakin ranar, mata a sunkuye cikin taɓo, maza suna bin shanun huɗa. Hazo bai gama tashi daga tsauni ba sai muryar ta sauko.

"Ya zooo! Ya zooo! A fito, a kama igiyaaa!"

Tun ina goye nake jin wannan kiran. Ban yi tunani ba, ƙafafuna ne suka tashi. Mutanen garin ba su san kiran ba, sai dai sun ji tsoho yana ihu a daji, sun ga 'yarsa tana gudu. Wani ya ce damisa ce. Maza suka ɗauki fartanya da adda, mata suka biyo baya. Baba kuma bai daina ba. Murya ce da aka horar don ta fi ƙarar igiyar ruwa, ko kurma zai iya bin ta.

Ina tsakiyar hawan na gane cewa surin Mami nake kai su, amma ɓari ya riga ya faru, mutum fiye da talatin suna bayana.

Mami ta gaya masa a hanya cewa a daji ba a magana, ya kuwa kiyaye, don shi ma a tudun yashi ba ya magana sai ya gani. Ba ta gaya masa cewa wurin asiri ne ba. Ni ma ban gaya masa ba. Wa ke gaya wa babban mutum ya rufe ƙofa in zai yi wanka?

Wurin yana bayan wani dutse, ƙarƙashin manyan itatuwa, inda ba wanda zai yi zato. Surin ya kai ƙirjin mutum, kuma ban taɓa ganin abu kamarsa ba. Daga gindinsa har gangaren da ke ƙasa, naman kaza ne ya turo kai, wasu a dunƙule, wasu sun fara buɗewa, fari fat ƙarƙashin ganye. Baba yana tsaye kan dutsen, rigarsa jiƙe, fuskarsa tana haske kamar ta ango. Tun ranar da muka zuba tokar gawar mahaifiyarmu a ruwa ban ga haƙoransa ba sai ranar.

"Ku ta can! Mata ta nan! Kai mai jar riga, akwai wasu bayan ƙafarka!"

Mutane suka tsaya cak, suna kallon Mami. Sun san na wane ne. Da ta buɗe baki ta ce a koma, da wasu sun koma. Amma tana zaune kan saiwa, kwandon a cinyarta, kamar an zare mata laka. Sai wata ta sunkuya ta tsinki ɗaya, shi ke nan.

Abin da na kowa ne, ba wanda ke tausaya masa. Wanda ya san ba zai dawo ya samu gobe ba, ba ya barin ko ɗaya. Matasan da ke kai wa masu motoci a bakin titi suka ce masu doguwar jijiya sun fi tsada, suka sa fartanya. Tsofaffin mata suna ta cewa a bari, gidan Uwa ne, ba wanda ya saurara. Surin ya tsage gida biyu, gara suka watsu kamar an zubar da shinkafa. Wani mutum, Biku, ya zura hannu cikin ramin ya fito da uwar garar, fara, mai kauri kamar babban yatsa, ya naɗe ta a ganye ya ce maganin asma ce.

Baba bai ga wannan ba, yana can yana raba kaso. Ya sa an tara a kan ganyen ayaba, tuli-tuli, kowa da nasa, sannan ya ɗauki tulin da ya fi girma ya kawo gaban Mami da hannu biyu.

"Kason mai jirgi, Uwar Namdeo. Ke kika kawo mu."

Mami ta lalubi laimarta ta miƙe. "Uwar mijina ta nuna min wurin nan," in ji ta. "Ita ma uwar mijinta ta nuna mata. Mu uku, ba mu taɓa faɗa wa ko mazajenmu ba." Ta juya gare ni. "Shalan, kama min hannu, ba na ganin hanya."

Wannan ne karon farko da ta faɗa da bakinta.

Da daddare ba a dafa naman kazan ba, kaji na zuba wa. Baba ya so ya kare kansa. Ya ce abin da Ubangiji ya fitar na kowa ne, ya ce ko shekara goma gida ɗaya ba zai cinye abin da ke wurin ba. Ni kuwa haushinsa ya cika ni har wuya, tausayinsa kuma ya hana ni magana. Na dai ce masa, "Baba, gobe ka je ka gani."

Ya je, na bi shi a baya don kada ya ɓata. Ruwa ya kwana yana zuba cikin surin, ya zama taɓo ja, tsuntsaye suna tsince ragowar garar. Baba ya zagaya shi sau ɗaya a hankali, ya tsuguna ya leƙa ramin, ya ga ɗakunan da ke ciki, hawa-hawa, sun fi abin da ke waje nesa ba kusa ba.

"Ina yaro wani dewmasa ya mutu, ruwa ya kawo shi gaɓarmu," in ji shi, ba tare da ya dube ni ba. "Wasu baƙi suka zo da gatari za su ɗebi mai. Kakanki ya tsaya a gabansu da sandar tuƙi. Kwana biyu gari yana haƙa rami, aka rufa masa sabon ƙyalle, ba wanda ya fita ruwa sai da aka yi masa sadaka." Ya shafi taɓon da tafin hannu. "Ni na kira masu gatari."

Ya cire mayafin kafaɗarsa, ya shimfiɗa a kan tsagar, ya danne gefunan da duwatsu.

Daga ranar, kullum da asuba sai ya hau. Ya kwashi busasshen ganye da kashin shanu ya kai wurin, ya yi wa surin rumfa da ganyen kwakwa, sannan ya hau dutsen ya tsaya. Matsattsaku suka cinye masa ƙafafu. Mutanen gari suka sa masa suna Mai Gadin Taɓo. Mami ba ta ce masa ci kanka ba. Ta daina zama a baranda in yana nan, in kuma ya gaishe ta sai ta amsa wa bango. Na fara wanke masa kaya ina ninkewa a akwati, ina kuka a bayan ɗaki inda ba mai gani.

Digambar ya zo bikin Ganpati, kamar yadda kowa ke dawowa gida. Bayan an kai gunkin rafi an dawo, aka zauna cin abinci. Ya ji labarin tun a tasha, don haka ya shiga ba Mami haƙuri, kansa a ƙasa. Ya ce ɗawainiyar ta isa haka, ya sayi tikiti biyu na jirgin ƙasa, gobe da safe za su wuce. Baba yana gefe, akwatinsa a bakin ƙofa, ya riga ya naɗe tabarma. Mijina yana ta kallon shinkafarsa kamar zai ƙirga ta.

Mami ta gama tauna lomar da ke bakinta.

"Ina za ka kai shi?"

"Akwai wuri mai kyau, Mami, suna kula da tsofaffi..."

"Ya fasa min suri, ka zo ka ɗauke shi ya tafi ya huta? Ba inda za shi. Shi ya ɓata, shi zai yi gadi. Ranar da surin nan ya sake fitar da naman kaza, ya kawo min a hannuna na shafa na ji, ka zo ka ɗauki ubanka."

Digambar ya dube ni. Baba ya ɗago kai.

"Zai daɗe, Uwar Namdeo?"

"Ina ruwana? Kai da ka iya tsayuwa."

Ta miƙa min hannu na kama, na kai ta bayan gida ta wanke hannu. Ina zuba mata ruwa na rage murya.

"Mami, Biku ya ciro uwar garar. Da idona na gani. Surin da ba uwa ba ya sake tashi."

"Ni za ki koya wa gara?" in ji ta. Ta yarfe hannu ta goge a gefen zaninta. "Ban yafe masa ba, kada ki je ki ce na yafe. Je ki kwance masa tabarma."